Alhaji Aƙilu Aliyu: Tsohon Ma'auni da Sabuwar Magana

Waƙar Hausa rubutacciya ta yi ƙarfi ne a hannun malaman jihadi na ƙarni na 19, watau su Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da ƙanensa Abdullahi na Gwandu, da 'yarsa Nana Asma'u. Su suka bar wa na baya tsarin da aka gada: a buɗe da sunan Allah da salati ga Annabi, a auna baiti da ma'aunin arulin Larabci, a riƙe amsa-amo har ƙarshe, sa'an nan a rufe da addu'a. Abin da ake zubawa cikin wannan tsari kuwa yawanci wa'azi ne, da madahu, da koyar da farillai. Da zamani ya juya, sai tambaya ta taso: shin tsarin da aka yi domin wa'azi ya iya ɗaukar zancen siyasa, da yaƙi, da rayuwar birni? Aikin Alhaji Aƙilu Aliyu yana cikin amsoshi mafiya ƙarfi da aka bayar.

An haife shi a Jega, cikin ƙasar Gwandu, a 1918. Ya yi karatun Alƙur'ani, ya zo Kano neman ilmi wurin malaman Tijjaniyya, ya kuma zauna a Maiduguri shekaru masu yawa yana karantarwa kafin ya komo Kano. Ya shiga jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a 1950, ya yi mata waƙoƙi. Da ajami yake rubutu. Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja duk sun rasu a 1958, amma shi Allah ya ja kwanansa har 1999, saboda haka ya ga samun mulkin kai, da yaƙin basasa, da mulkin soja, ya kuwa sa baki cikin al'amuran zamaninsa. A 1977 aka buga zaɓaɓɓun waƙoƙinsa a Zariya da sunan Fasaha Aƙiliya, a shekarar nan kuma Ɗalhatu Muhammad ya gama digirinsa na uku a Landan a kan fasaharsa.

Aƙilu bai rushe ginin da ya tarar ba. Yana farawa da roƙon Allah kamar magabata, yana kiyaye ma'auni, ba ya sakaci da amsa-amo. Inda ya bambanta shi ne irin Hausar da ya shigar. Malaman dā in ma'auni ya matsa musu, sukan ɗauko kalmar Larabci su cike gurbi. Shi kuwa sai ya juya wajen kasuwa da dandali, ya kwaso karin magana, da habaici, da zambo, da kirari, irin kayan da aka saba ji a bakin makaɗa da maroƙa. Ya hore su, ya sa su bi arulin malamai ba tare da ganga ko kalangu ba. Ta haka ya haɗa gida biyu da suka daɗe suna kallon juna daga nesa, gidan alƙalami da gidan kiɗa.

Waƙarsa Hausa Mai Ban Haushi ita ce shaidar wannan. Cikinta yana tuhumar 'yan boko da suka raina harshensu, suna gauraya shi da Turanci domin a ce sun waye. Ƙarfin waƙar ba ga faɗan kaɗai yake ba, gama kowane malami ya iya faɗa. Ƙarfinta shi ne, ita da kanta hujja ce: mai sauraro yana jin yalwar harshen a daidai lokacin da ake gaya masa cewa harshen ya wadatu. Haka kuma Jiki Magayi, wadda ya yi wa sojojin tarayya a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ta ɗauki zafin kirarin mayaƙa ta sa shi cikin baiti aunanne. Ƙalubale kuwa ta koma ga kacici-kacici, ta mai da wasan yara gwajin hankalin manya.

Amma fa ba a rasa abin cewa ba. Wani lokaci daɗin kalmomi yakan rinjaye shi, ya yi ta jera lafuzza masu kama da juna har ma'ana ta tsaya tana jira. Ƙoƙarinsa na zaƙulo tsofaffin kalmomi kuma yakan sa matashi ya kasa bin sa sai da mai fassara. A 'Yar Gagara, inda ya zargi karuwa, gwanintar zambo ta kai matuƙa, amma nauyin laifin ya fi sauka a kan macen, alhali kasuwar ba ta ci sai da masu saye. Mai nazari na gaskiya ya kamata ya yaba gwanintar, ya kuma auna hukuncin.

Akwai abin lura a nan ga malaman kwalejojin horon malamai. Waƙar Aƙilu domin kunne aka yi ta, mutane da yawa kuwa ta rediyo suka san ta kafin su gan ta a takarda. Idan aka ba ɗalibi ita ya karanta a zuci, ya fitar da jigo da salo kurum domin jarrabawa, an ba shi ƙwarya ba fura. Lalle ne a rera masa, a sa shi ya rera, ya ƙirga gaɓoɓi dogaye da gajeru da kansa, har kunnensa ya gane inda baiti ya miƙe da inda ya karye. Ɗalibin da ya yi haka zai gane cewa ma'auni bai taɓa ɗaure harshen Aƙilu ba, shi ne ma ya tilasta masa neman kalmar da ta fi dacewa. Wannan horo shi ne babban gādon da ya bar wa masu rubuta waƙa a bayansa.