Murya da Tsoro: Matsayin Baƙon Mai Karatu a Shirye-shiryen Labaran Ban Tsoro

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi nazarin wani sabon aiki da ya shigo cikin adabin Hausa, wato aikin mutumin da akan gayyata ya karanta ƙagaggen labarin ban tsoro, a naɗi muryarsa, a watsa ta hanyar intanet. Irin wannan shiri shi ake kira fodkas. A Amurka abin ya daɗe da kafuwa. Alal misali, shirin Pseudopod, wanda aka fara a 2006, ya dogara ne ga masu karatu daban-daban da yake gayyatowa, kowane labari da tasa muryar. A wajenmu kuwa an fi samun irinsa a tashoshin YouTube masu karanta littattafan Hausa, da kuma sautukan da ake turawa daga waya zuwa waya.

Za a ɗauko misalai daga Yankwashi, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Kazaure, tare da Kazaure da Roni da Gwiwa. Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, baƙon mai karatu ya gaji mazaunin tsohuwa mai tatsuniya ne, saboda haka wajibi ne ya gaji aikinta duka biyu: sanya tsoro, da kuma fitar da mai sauraro daga cikinsa.

2.0 Daga Bakin Kaka Zuwa Takarda

Tsoro ba baƙo ba ne a adabin bakan Bahaushe. Akwai Dodo mai haɗiye mutane, da aljanun da aka ce suna zaune a kuka ko tsamiya, da fatalwa, da maye mai kama kurwa. Amma in aka lura, al'ada ta yi wa wannan tsoro shinge ta kowane gefe. Lokacinsa dare ne bayan an ci tuwo, har ma akwai camfin da ke hana yin tatsuniya da rana. Wurinsa ɗakin kaka ne ko tsakar gida. Masu sauraro kuwa suna da yawa, kafaɗa da kafaɗa, kuma sun san mai ba da labarin tun suna goye. Bugu da ƙari, tatsuniya tana da mabuɗi da marufi sanannu. Da zarar an ce "ƙurunƙus", kowane yaro ya san an rufe ƙofa, Dodo ya koma inda ya fito.

Da aka fara rubuta tatsuniyoyi, sai labarin ya tsira, murya ta salwanta. J. F. Schön ya buga Magana Hausa a 1885, wanda ya ƙunshi labaran da ya ji daga bakin Dorugu, yaron da Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila. Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913. Waɗannan ayyuka taska ce babba, to amma wanda ya karanta su ba zai ji inda mai labarin ya sassauta murya ba, ko inda ya yi shiru. Sa'idu Babura Ahmad, a littafinsa Narrator as Interpreter na 1997, ya nuna cewa tatsuniya guda takan sauya kama daga baki zuwa baki, domin mai ba da ita yana fassara ta ne yayin da yake faɗar ta. Wannan ra'ayi shi ne madogarar abin da zai biyo baya, domin na'urar naɗar sauti ta dawo mana da muryar da takarda ta ɓatar, sai dai ta dawo da ita a bakin baƙo.

3.0 Abin da Rubutu Ba Ya Ɗauka

Aikin farko na baƙon mai karatu shi ne ya cike giɓin da rubutun boko ya bari. Sanin kowa ne cewa rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. A labarin soyayya kuskure a nan yakan wuce ba a lura ba. A labarin ban tsoro kuwa yakan rushe ginin gaba ɗaya. Mu ɗauki wannan jimla:

Ya shiga dawa da tsakar dare.

In aka ja wasalin farko, mutumin ya shiga cikin gonar hatsi ne a bayan gari. In aka gajarta shi, ya shiga daji ne inda ba kowa. Haka kuma kalmar maye tana iya nufin mai cin kurwa, tana iya nufin buguwa. Baƙi na iya zama launi, na iya zama mutanen da suka yi sallama a ƙofar gida.

Matsalar ta ƙaru da yake yawancin sababbin labarai a waya ake buga su, ba tare da haruffa masu lanƙwasa ba. An taɓa gayyata ta in karanta wani labari a wani shiri irin wannan, sai na tarar an rubuta cewa kura ta taso daga bakin rafi. Sai da na kai shafi na uku na gane iska ce ta taso da ƙura, babu wata dabba a wurin. Da na naɗa ba tare da na karance labarin ba, da na sanya wa marubucin kurar da bai ƙirƙira ba. Ashe ke nan karatun share fage, sau biyu ko uku, tare da yi wa kalmomi masu harshen damo alama, ba abin da mai karatu zai yi sakaci da shi ba ne.

4.0 Shiru da Amsa-kama

Aiki na biyu ya shafi salo. Babban aibin da ake ji a yawancin waɗannan shirye-shirye shi ne gaggawa da ihu, da kuma cika labari da kiɗan ban tsoro na finafinan ƙetare. Masu yin haka sun ɗauka ƙara ita ke kawo firgita. Tsohuwa mai tatsuniya ba ta da ganga ko na'ura, amma takan sa yaro ya ƙi fita fitsari. Makamanta biyu ne: amsa-kama da shiru.

Hausa tana da wadatar kalmomin amsa-kama irin su tsit, wuf, ɗif, zumbur, kwatsam. Kowace tana da nata numfashi. Idan aka ce fitila ta mutu ɗif, dole murya ta tsaya cak a kan kalmar, a bar ɗan lokaci kafin a ci gaba, domin a cikin wannan shirun ne mai sauraro ke zana wa kansa abin da ke tsaye cikin duhu. Mai karatun da ya wuce ta da gudu ya karanta harafi, bai karanta ma'ana ba.

Akwai kuma batun karin harshe. Baƙon da ya fito daga yankin Kazaure yakan ji kunyar lafazinsa na gida, ya riƙa kwaikwayon muryar masu karanta labarun duniya a rediyo. Wannan hasara ce. Muryar labarun duniya an gina ta ne don ta kwantar da hankali, ta nuna cewa mai magana yana nesa da abin da ya faru. Labarin ban tsoro kuwa yana bukatar muryar da za a ji kamar ta maƙwabci wanda ya ga abin da idonsa. Dalilin gayyatar baƙo ke nan tun farko, wato ya zo da abin da mai gida ba shi da shi.

5.0 Alhakin da ke Wuyan Mai Karatu

Aiki na uku shi ne mafi nauyi. A ƙauyukan Yankwashi da Roni da Gwiwa da Babura, sauti yakan isa ga mutane ne ta hannun masu tura waƙoƙi da finafinai a katin waya, ko ta hannun aboki. Kafin ya iso, sau da yawa an yanke gabatarwar da ta ce labarin ƙagagge ne. Abin da ya rage shi ne murya mai natsuwa tana ba da labari kamar shaida. Mai sauraro kuma yana iya zama shi kaɗai, cikin dare, da abin ji a kunne, ba kaka kusa da shi, ba marufin tatsuniya. Tarihin rediyo ya nuna haɗarin haka: a ranar 30 ga Oktoba, 1938, Orson Welles ya watsa wasan The War of the Worlds a Amurka cikin sigar labarun gaggawa, wasu masu sauraro suka ɗauka da gaske ne.

A wajenmu haɗarin yana da suna, shi ne maita. Labarin da na ambata a baya ya sanya wata tsohuwa mai zaman kaɗaici a matsayin mayya, ya kuma ambaci sunan wani ƙauye na haƙiƙa da ke kusa da Karkarna, hedikwatar Yankwashi. Marubucin bai taɓa zuwa wurin ba, sunan ne kawai ya yi masa daɗi. To amma duk ƙauye yana da tsohuwa mai zaman kaɗaici, kuma yaran da suka ji labarin ba za su rasa wadda za su nuna da yatsa ba. Wanda aka jefa da maita yakan rasa mai sayen abincinsa, 'ya'yansa su rasa masu aure, wani lokaci ma abin ya kai ga duka ko kisa. Ba banza ba dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta sanya zargin mutum da maita cikin laifuka. Na roƙi masu shirin a sauya sunan ƙauyen da na ƙirƙira, suka yarda bayan ɗan ja-in-ja.

Wani zai ce wannan hurumin marubuci ne, mai karatu ɗan aike ne kawai. Amsar ita ce mutanen ƙauye ba su san marubuci ba, murya suka sani. Duk wanda ya ba da aron muryarsa ya ba da aron amincinsa.

6.0 Kammalawa

An yi ƙoƙari a wannan takarda a nuna cewa karanta labarin ban tsoro fasaha ce mai zaman kanta, wadda ta cancanci a auna ta da ma'auni uku: daidaita lafazi, sarrafa shiru da amsa-kama, da kula da abin da labarin zai haifar bayan ya bar ɗakin naɗar sauti. Shawarar da za a bayar ita ce masu shirye-shirye su farfaɗo da mabuɗi da marufi, su saƙa su cikin jikin labarin da muryar mai karatun kansa, yadda mai turawa ba zai yanke su cikin sauƙi ba. Haka kuma ya kamata sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu su fara tattara waɗannan sautuka, kamar yadda aka tattara tatsuniyoyi a baya, tun kafin katunan wayar da ke ɗauke da su su lalace.