Masu Karatun Kogi: Yadda Ake Hango Ambaliya Tun Tana Nesa

Wanda ya tsaya a kan Gadar Kennedy a Yamai cikin watan Janairu zai ga abin mamaki. Hunturu ya kankama, hazo ya rufe sama, rabon ƙasa da ɗigon ruwa an yi wata uku, ciyawa ta bushe ƙurmus, amma ga kogin Isa ya cika ya batse. Ruwan da ke wucewa a ƙarƙashin gadar ya sauka ne a tsaunukan Gini tun cikin daminar da ta wuce, ya yi watanni yana tafe. A cikin wannan jinkiri ne wata sana'a mai daraja ta samu wurin zama, wato sana'ar masu hasashen kogi. Su ne mutanen da ke auna ruwa a sama, su lissafa tafiyarsa, su gaya wa na ƙasa ranar da zai iso ƙofarsu da kuma tsayin da zai kai.

Kogin Neja, wanda Hausawan Najeriya ke kira Kwara, na Nijar ke kira Isa, ya kai kusan kilomita 4,200. Yana fitowa daga Gini, kusa da iyakar Saliyo, ya ba teku baya ya nufi arewa, ya ratsa Bamako da Mopti, ya gifta ta kusa da Timbuktu, sannan ya karkato kudu ta Gao da Yamai da Gaya, ya shiga Najeriya ta jihar Kebbi, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja kafin ya faɗa teku. A tsakiyar Mali akwai wata ƙatuwar fadama mai tafkuna da rassa, inda ruwan ke bazuwa ya kwanta. A nan gudunsa ke raguwa, rana ta shanye wani kaso mai yawa, laka ta kwanta a ƙasa. Shi ya sa ruwan da ya kai ƙololuwa a Koulikoro cikin Satumba ba ya cika a Mopti sai wajen Oktoba ko Nuwamba, ba ya kuma kaiwa ƙololuwa a Yamai sai wajen Janairu. Masana na kiransa ruwan Gini, ko baƙin ruwa, domin ya zo a tace.

Akwai kuma cika ta biyu, wadda ta fi ban tsoro. Cikin Agusta da Satumba, rafuka uku da ke gangarowa daga ɓangaren Burkina Faso, wato Gorouol da Dargol da Sirba, sukan kwaso ruwan damina haɗe da jar ƙasa su zuba cikin kogin a saman Yamai. Wannan shi ne jan ruwa. Baƙin ruwa yana sallama tun daga nesa, ana iya ganin zuwansa da watanni. Jan ruwa kuwa ba ya ba da sarari sai na kwana ɗaya ko biyu. Mai hasashe dole ya san halin kowannensu, kamar yadda makiyayi ya san saniyar da ke tafiya a hankali da wadda ke zabura.

Tushen aikin kaf wani ƙarfe ne mai lambobi da ake kafawa a bakin kogi ko a jikin ƙafar gada, an rarraba shi santimita-santimita. Akwai mutumin da aka ɗora wa alhakin karanta shi, galibi ɗan garin ne. Safe da yamma yakan sauka bakin ruwa, ya duba inda ruwa ya tsaya, ya rubuta a littafi, ya aika da lambar ta waya. Aikin ba shi da armashi a ido, amma da shi aka gina komai. A Koulikoro ana rubuta tsayin kogin tun 1907, a Yamai tun 1929. Duk wanda ya ce ruwan bana ya fi na shekara hamsin, da littafin waɗannan bayin Allah yake magana. Yau an ƙara da na'urori masu auna ruwa da kansu su aika da saƙo ta tauraron ɗan'adam, sai dai na'ura takan lalace, batir ya mutu, wani lokaci a sace farantin hasken rana. Idan haka ta faru, idon mai karatun ma'auni ake komawa.

Tsayin ruwa kaɗai bai isa ba. Santimita 500 a wuri mai faɗi da santimita 500 a matsatsin duwatsu ba ruwa ɗaya ba ne. Abin da ake son sani shi ne yawan ruwan da ke wucewa a kowace daƙiƙa. Don haka ma'aikata kan shiga kwale-kwale su ratsa kogin daga wannan gaɓa zuwa waccan, suna auna zurfi da saurin ruwa. A da da wata 'yar farfela ake yi, wadda ake zurawa cikin ruwa ana ƙirga juyinta. Yanzu akwai na'urar da ke aika amo cikin ruwa ta karanta saurinsa daga yadda amon ya dawo. Ana maimaita wannan awo lokacin rani da lokacin cika, har a samu jadawalin da ke cewa idan ma'auni ya nuna kaza, to kubik mita kaza ne ke wucewa. Kubik mita ɗaya lita dubu ne, kimanin duro biyar ke nan. Gwanintar tana cikin sanin cewa jadawalin nan yakan tsufa. Yashi na cike gindin kogi, gaɓa na zaizayewa, ana gina gada ko shingen kare ruwa. Ma'aikacin da ya san aikinsa ba ya amincewa da tsohon jadawali har abada, yakan koma cikin kwale-kwale ya sake awo.

Daga nan sai lissafin tafiya. Idan tashar Ansongo a Mali ta nuna ruwa ya tashi, an san daga tarihin shekaru kwana nawa yake ɗauka kafin ya bayyana a Yamai, da yadda tudunsa ke faɗaɗa yana raguwa a hanya. Daga Yamai a lissafa zuwa Malanville da Gaya, daga nan zuwa Jidere Bode a jihar Kebbi, zuwa Yawuri, zuwa tafkin Kainji. Kowace tasha tana yi wa ta ƙasanta gargaɗi. Bahaushe ya ce idan ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A wannan sana'a an mayar da karin maganar lissafi, an san har ranar da wutar za ta iso.

Jan ruwa ya fi wannan wuya, domin kafin ya shiga ma'auni ya riga ya kusa. Dole a fara hango shi tun yana hadari. A nan ake haɗa hasashen ruwan sama da hotunan tauraron ɗan'adam da bayanin ƙasa a cikin kwamfuta: ina ne tudu, ina ne kwari, wace ƙasa ce ke shan ruwa, wace ce ke tunkuɗe shi. Abu mafi muhimmanci shi ne ko ƙasa ta ƙoshi. Ruwan da zai sauka a Yuni ƙasa ta shanye shi tas, irinsa a ƙarshen Agusta zai kwarara gaba ɗaya cikin rafi. Kowane manomi ya san wannan daga gonarsa, masu hasashe sun dai faɗaɗa sanin ne ya game ƙasashe. Sun kuma gano wani abu da ya ba masana mamaki. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, ruwan da ke gangarowa rafukan Sahel ƙaruwa ya yi maimakon raguwa, saboda itatuwa da ciyawa sun tafi, ƙasa ta zama faƙo, ruwa ba ya samun wurin nutsewa. Saboda haka jan ruwa, wanda a da bai kai baƙin ruwa ba, yanzu shi ke kafa tarihi a Yamai.

An ga hakan a 2020. A Yamai an sa matakai uku a jikin ma'auni: santimita 530 alamar rawaya, 580 alamar ruwan lemo, 620 jar alama. A Satumban wannan shekara ruwa ya kai santimita 700, tsayin da ba a taɓa rubutawa ba tun da aka fara awo. Shingen kare ruwa ya ɓalle, unguwanni irin su Lamorde da Kirkisoye suka nutse. A daminar nan ce kuma ruwa ya shafe gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a jihar Kebbi. Hasashe bai hana ruwan zuwa ba, kuma ba aikinsa ke nan ba. Abin da yake bayarwa lokaci ne: kwanakin da za a kwashe tsofaffi da yara, a ɗaga buhunan hatsi, a kora dabbobi tudu, a tanadi makarantar da za a sauke mutane.

Kogi bai san iyaka ba, don haka aikin ya fi ƙarfin ƙasa ɗaya. Tun 1964 ƙasashen da ke shan ruwan kogin suka kafa hukumar haɗin gwiwa, wadda a 1980 ta zama Hukumar Raya Kogin Neja mai hedikwata a Yamai. Ƙasashe tara ne a cikinta: Gini, Mali, Nijar, Najeriya, Benin, Burkina Faso, Kwaddibuwa, Kamaru da Chadi. A Yamai ɗin dai akwai cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974, wadda ke horar da masana ruwa da yanayi na yankin Sahel. A Najeriya, hukumar NIHSA mai kula da harkokin ruwa tana fitar da hasashen ambaliya na shekara kafin damina ta kankama, ta lissafa jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, bayan hukumar NiMet ta fitar da nata hasashen na ruwan sama. Lambar da wani ya karanta a bakin ruwa a Mali takan zama dalilin shawarar da injiniya zai yanke a Kainji.

Shawarar injiniyan madatsar ruwa tana da nauyi ƙwarai. Kainji, wadda aka kammala a 1968, da Jebba da ke ƙasanta, da Shiroro a kan kogin Kaduna, duk suna buƙatar ruwa don ba da wutar lantarki. Idan injiniya ya saki ruwa da wuri kuma cikar ba ta zo ba, ya yi asarar wutar rani. Idan ya riƙe har tafki ya cika sannan babban ruwa ya iso, dole ya buɗe ƙofofi gaba ɗaya, mutanen ƙasa su ɗanɗana kuɗarsu. Hasashe mai kyau shi ke ba shi damar rage tafkin sannu a hankali tun da sauran lokaci, ya buɗe wa baƙon ruwa masauki.

A ɓangaren Binuwai labarin ya fi zafi. A 2012 ruwa ya mamaye Yola da Makurdi da Lakwaja, ya datse hanyar Abuja zuwa kudu, a faɗin Najeriya mutum 363 suka rasu, sama da miliyan biyu suka bar gidajensu. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600. Kowane lokaci sunan madatsar Lagdo ta Kamaru, wadda aka kammala a 1982 kusa da Garwa, shi ke fara fitowa a baki, tare da madatsar Dasin Hausa da aka tsara a Adamawa don tare ruwan amma har yau ba a kammala ba. Masu awo sun nuna cewa ruwa mai yawa yana shiga Binuwai a cikin Najeriya kanta, daga Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala. Wannan ma amfanin ma'auni ne, yana nuna ainihin inda ruwa ya fito domin a san inda za a sa ido. A 'yan shekarun nan hukumomin Kamaru kan sanar da Najeriya kafin su buɗe ƙofofin Lagdo, kuma wannan sanarwa tana ba garuruwan ƙasa kwanakin shiri.

Wasu kan ce gaibu sai Allah, kuma gaskiya ne. Amma mai hasashen kogi ba ya da'awar sanin gaibu. Galibin ruwan da yake magana a kai ya riga ya sauka, an gan shi, an auna shi, yana kan hanya. Kamar mai tsaron ƙofar gari ne da ya hango ƙurar dawaki ya ce baƙi na tafe. Yakan yi kuskure, musamman kan ruwan da ke sauka kamar da bakin ƙwarya cikin dare ɗaya, shi ya sa mai gaskiya a cikinsu yake faɗin iyakar saninsa. Wannan ilimi ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Sarkawa da Kabawa sun daɗe suna karanta launin ruwa da tarkacen da yake ɗaukowa da motsin kifi, su san abin da ke faruwa a sama. Ma'auni da kwamfuta sun tsawaita ganin Sarkin Ruwa ne daga kwanar kogi ɗaya zuwa ƙasashe tara.

Inda aikin ke yawan karyewa shi ne zangon ƙarshe. Gargaɗin da ya tsaya a takardar Turanci ko Faransanci a ofis bai ceci kowa ba. Sai ya fito a rediyo da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Nufanci, ya isa ga dagaci da mai unguwa da limami, a faɗe shi da maganar da mutum zai gane: ruwa zai kai gindin tsamiyar kasuwa nan da kwana uku. Sai kuma an tanadar wa mutane wurin zuwa, domin ba wanda zai bar gidansa da rumbunsa ya tafi inda ba rumfa ba abinci.

Hukumomi su riƙa biyan masu karatun ma'auni haƙƙinsu kan lokaci, su gyara tashoshin da suka lalace, su kiyaye musayar bayanai tsakanin ƙasashe ko da siyasa ta yi tsami. Mu kuma mazauna bakin Kwara da Binuwai da Rima, mu kare ƙarfen nan mai lambobi kamar yadda muke kare rijiyar gari. Ranar da aka ce ruwa na tafe, mu tashi tun ƙafa tana taka busasshiyar ƙasa. Rigakafi ya fi magani.