Tsokaci a Kan Tsararren Darasi Wajen Koyar da Karatun Hausa a Ƙananan Azuzuwa

Wannan tsokaci ya dubi salon tsara darasin karatu da ya shigo makarantun firamare ta hanyar shirye-shirye irin su Mu Karanta, wanda hukumar USAID ta Amurka ta tallafa wa a jihohin Bauchi da Sakkwato, da kuma RANA a jihohin Katsina da Zamfara. Manufar ita ce a auna ko hujjojin da aka gina salon a kansu sun wadatar da bukatun harshen Hausa.

Tushen salon shi ne rahoton kwamitin nazarin karatu na Amurka na shekarar 2000, wanda ya ware ginshiƙai 5: tantance sautuka, danganta sauti da harafi, karatu ba gargada, sanin kalmomi, da fahimtar abin da aka karanta. An haɗa wannan da tsarin da Pearson da Gallagher suka bayyana a 1983, inda malami zai fara gwadawa, sannan ya yi tare da ɗalibai, daga bisani kowane ɗalibi ya yi shi kaɗai. Babu shakka wannan ya fi tsohuwar al'adar nan ta malami ya faɗa, aji ya amsa da ƙarfi, wadda takan ɓoye yaron da bai san ko harafi ɗaya ba.

Sai dai akasarin binciken da kwamitin ya dogara da shi an yi shi ne a kan Ingilishi, inda wahalar take a rashin daidaituwar harafi da sauti. Matsalar Hausa daban ce. Haɗa baƙi da wasali a tayar da gaɓa abu ne mai sauƙi, amma daidaitaccen rubutu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kalmar "gari" tana iya nufin birni ko garin tuwo. Haka "ya tafi" yana iya zama labari, yana iya zama umarni. Jimla ce kaɗai ke warware wannan.

Saboda haka gwajin EGRA, wanda ke ƙirga kalmomin da yaro ya karanta daidai cikin minti 1, bai isa zama babban ma'aunin nasarar darasi ba. Yaro na iya furta gaɓoɓi da sauri alhali bai kama ma'ana ba, kuma malamin da ke bin jagora layi-layi zai wuce gaba ba tare da ya lura ba.

Ana ba da shawarar masu tsara manhaja su sanya gajerun jimloli tun makonnin farko, su ware lokaci a kowane darasi domin kalmomi masu rubutu ɗaya da ma'ana biyu, kuma a horar da malami ya riƙa tambayar ɗalibai ɗaya bayan ɗaya ma'anar abin da suka karanta kafin ya shiga mataki na gaba.