Sharhi a Kan Ra'ayin Malamai Game da Sabuwar Manhajar Ilimin Zamantakewa a Faransa

Gabatarwa

A makarantun lise na ƙasar Faransa ba a koyar da ilimin zamantakewa shi kaɗai. Tun cikin shekarun 1960 aka haɗa shi da ilimin tattalin arziki da na siyasa a darasi guda, wanda ake taƙaita sunansa da SES. A shekarar 2019, zamanin da Jean-Michel Blanquer yake ministan ilimi, aka sabunta manhajar wannan darasi. Wannan maƙala za ta kawo ƙorafin da malamai suka yi a kan sabuwar manhajar, sannan ta auna shi.

Yadda Manhajar Take

Kwamitin da ya tsara manhajar yana ƙarƙashin jagorancin shehunnan malamai biyu ne, wato Philippe Aghion, masanin tattalin arziki, da Pierre-Michel Menger, masanin zamantakewa. An ba darasin awa ɗaya da rabi a mako ga kowane ɗalibin ajin farko na lise. Wanda ya zaɓe shi a aji na biyu yana samun awa 4, a ajin ƙarshe kuma awa 6. Manhajar aji na biyu tana da babi 12: biyar na tattalin arziki, biyar na zamantakewa da siyasa, sai biyu da suka haɗa fannonin.

Ƙorafin Malamai

Ƙungiyar malaman wannan darasi, APSES, ita ce kan gaba wajen suka. Ƙorafinta na farko shi ne an raba fannonin, kowane da zaurensa, alhali manufar darasin tun asali ita ce a ɗauko wata matsala ta al'umma a dube ta ta fuskoki daban-daban. Na biyu, an fifita batun kasuwa, domin babi uku daga cikin biyar na tattalin arziki a aji na biyu duk a kanta suke. Na uku, kayan sun yi wa lokacin yawa. A watan Disamba na 2018 majalisar ƙoli mai ba ma'aikatar ilimi shawara ta ƙi amincewa da manhajar, amma da yake ƙuri'arta shawara ce kawai, aka buga manhajar a watan Janairu na 2019.

Tsokaci

Idan aka duba, za a ga ƙorafin farko shi ne mafi ƙarfi. A ɗauki rashin aikin yi a matsayin misali. Manhajar ajin ƙarshe ta sa shi a ɓangaren tattalin arziki, inda ɗalibi zai koyi yadda ake ƙidaya marasa aiki da matakan da gwamnati kan ɗauka. Amma yadda rashin aiki ke raba mutum da abokan hulɗa ya rage masa daraja, sai a wani babi na zamantakewa zai gamu da shi, wataƙila bayan watanni. Ke nan an bar wa yaro ɗan shekara 17 aikin haɗa abin da manya suka raba.

Sai dai su ma masu goyon bayan rabuwar suna da hujja. A ganinsu, ɗalibin da bai naƙalci kayan aikin kowane fanni ba, muhawararsa ba za ta wuce hirar bakin titi ba. Wannan gaskiya ce, kuma malaman da ke suka ba su cika ba ta haƙƙinta ba. Bugu da ƙari, ba a 2019 aka fara raba fannonin ba. Manhajar aji na biyu da ta fara aiki a 2011 ta riga ta yi haka. Haka kuma, a lissafin babi-babi, ba za a ce an tauye ilimin zamantakewa ba, tun da biyar da biyar ne.

Dangane da yawan kaya kuwa, lokaci ya gaskata malamai. A 2023 an yi jarrabawar bakaloriya ta darussan zaɓi a watan Maris, abin da ya sa aka yi ta koyarwa a guje, har sai da aka mayar da ita watan Yuni daga 2024. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Malamin da sauran makonni kaɗan ya rufe babi uku ba zai tsaya sauraron muhawarar ɗalibai ko ya tura su bincike a unguwa ba, shifta kawai zai yi musu.

Kammalawa

A taƙaice, wannan maƙala ta nuna cewa asalin saɓanin shi ne ta inda ya kamata darasi ya fara: daga tambayar da ke damun al'umma, ko daga ƙa'idojin fanni. Malaman sun yi daidai da suka nace a fara da tambaya, domin ita ke sa ɗalibi ya ga amfanin ƙa'ida. Rauninsu shi ne ɗora wa manhajar 2019 laifin da ya girme ta. Ita kuma ma'aikata, kuskurenta shi ne ta nemi shawara, aka ba ta, ta yi gaban kanta.