Jinjina ga Marubutan Soyayyar Zamanin Da

Masu raina littattafan soyayya na tarihi ba su san gumin da ake zubarwa kafin a rubuta su ba. Dubi Georgette Heyer, 'yar Ingila da ta fitar da Regency Buck a 1935. Littattafan bincike wajen 1,000 ta tara a gidanta, tana rubuta farashin kyandir, sunayen huluna da salon maganar mutanen 1811 zuwa 1820, don kada jarumarta ta sa rigar da ba ta zamaninta ba.

Mutunci ne ke riƙe mai karatu. A Landan ta lokacin, budurwa ta yi rawa da saurayi ɗaya fiye da sau biyu a dare guda, sai gari ya ɗauka. Zauren rawa na Almack's kuwa, sai manyan matan da ke riƙe da shi sun ba ka takardar shiga, komai dukiyarka. Marubutan nan ne suka tono waɗannan ƙa'idoji, suka sa zuciya kokawa da bakin duniya. Wanda ya taɓa ɗanɗana tsegumin unguwa ba sai an yi masa bayani ba.

Ba don su ba, da sarakuna da yaƙe-yaƙe kawai yawancinmu za mu sani na wancan zamani. Sun cancanci jinjina.