Tazarce: Yadda Kalma Ɗaya Ta Rufe Kundi Guda

Zaɓen raba gardama ya bambanta da zaɓen ɗan takara. A zaɓen ɗan takara, mutum ake dubawa. A na raba gardama kuwa, tambaya ce ake ajiye wa jama'a, su ce i ko a'a. Saboda haka wanda ya fassara wa mutane tambayar, ya riga ya ci rabin zaɓen. Abin da ya faru a Jamhuriyar Nijar a shekarar 2009 ya isa misali.

Tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa wa'adi biyu kawai, kowanne na shekara 5, ya kuma hana a taɓa wannan doka. An zaɓi Tandja Mamadou a 1999 da 2004, don haka mulkinsa zai ƙare a watan Disamba na 2009. Sai aka rubuta sabon kundi wanda ya ƙara masa shekara 3 ba tare da zaɓe ba, ya kuma cire iyakar wa'adi. Wannan ita ce ainihin tambayar da aka kawo ranar 4 ga Agusta.

Amma ba haka ta isa kunnen talaka ba. An rubuta kundin da Faransanci, harshen da yawancin masu zaɓe ba su karantawa. Abin da ya isa ƙauye shi ne kalmar Hausa guda ɗaya, wato tazarce. Kalma ce mai sauƙin faɗa, mai kuma shiga waƙa. Muryar Sahel da Tele Sahel, kafofin gwamnati, sun cika da labarin ayyukan da aka fara: madatsar ruwa ta Kandaji, gada ta biyu a Yamai, matatar mai ta Damagaram, da ma'adinin yuraniyom na Imuraren. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ayyukan nan ba ƙarya ba ne, amma ba su ne ke cikin takardar ƙuri'a ba. Ta haka tambayar ta juye ta zama, "A bar mutumin nan ya gama aikinsa, ko a hana shi?"

Muryoyin da za su mai da tambayar wurinta kuwa, an rage musu ƙarfi. Shugaban ya rushe Majalisar Dokoki a watan Mayu. Kotun Tsarin Mulki ta ce zaɓen ya saɓa wa doka, ita ma aka rushe ta a ƙarshen Yuni. A kwanakin nan ne aka rufe gidan rediyo da talabijin na Dounia domin ya watsa sanarwar 'yan adawa, har sai da kotu ta ce a buɗe shi. Sauran gidajen sun ga abin da ya sami ɗan'uwansu. Sassan Hausa na BBC da Muryar Amurka da Muryar Jamus da RFI sun ba kowane ɓangare baki, amma 'yan mintoci safe da yamma ba su isa su warware kundi ba.

'Yan adawa ma ba su tsira daga laifi ba. Hujjarsu ta shari'a ce, jaridun da suka fi ɗaukarta kuma na Faransanci ne, ba su cika wuce manyan birane ba. Daga bisani suka ce a ƙaurace wa zaɓen, sai "a'a" ta zama marainiya. Hukumar zaɓe ta ce sama da kashi 92 cikin 100 sun amince; 'yan adawa suka musanta yawan waɗanda aka ce sun fito.

Zaɓen da aka ce zai raba gardama, bai raba ta ba. Ƙungiyar ECOWAS ta dakatar da Nijar a watan Oktoba. Ranar 18 ga Fabrairun 2010 sojoji suka kifar da gwamnati, a ranar 31 ga Oktoba na shekarar kuma aka sake kiran jama'a su amince da wani kundin.

Aikin ɗan jarida a irin wannan lokaci shi ne ya karanta wa mutane abin da aka rubuta, aya bayan aya, da harshensu. Mai zaɓe kuma, idan ya ji kirari ya yi yawa, ya kamata ya tambaya: me takardar kanta ta ce? Wanda ya sa yatsa a kan abin da ba a karanta masa ba, yatsan nasa ne, amma shawarar ta wani ce.