Wanda ya ɓace daga labari na takwas

A ɗakinmu na site akwai maganar da muka daina tayarwa bayan isha, don in aka fara ta shayi kan huce ba a sha ba. Abokin zamana, ɗan Tawa mai karatun shari'a, ya rantse cewa littattafan Harry Potter bakwai ne, na takwas ɗan tsintuwa ne aka liƙa wa gidan. In na ce masa ai sunan mai gidan na kan bango, sai ya ce: "To mi? Ko ta sa hannu sau goma, wannan ba Ari ba ne." Haka muke kiransa, Ari Potar, don da Faransanci muka san shi, Faransawa kuwa ba su furta h. A Damagaram inda na tashi, Ari sunan maƙwabci ne, shi ya sa tun ina kolej nake jin yaron kamar ɗan unguwa.

Ga wanda fim kawai ya gani, bari in taƙaita. J. K. Rowling ta fitar da littafi na farko a 1997, na bakwai a 2007, ta rufe shi da ɗan babi inda Harry ya girma, bayan shekara 19, yana raka ɗiyansa tashar jirgin ƙasa za su tafi makarantar mayu. Kowa ya ɗauka an gama. Sai a 2016 aka ta da labarin daga daidai wannan tasha. Ranar 30 ga Yuli aka buɗe wasan kwaikwayo a wani gidan wasa na Landan, washegari aka saki rubutun wasan a matsayin littafi, ana tallarsa da sunan labari na takwas. Jack Thorne ne ya rubuta, a kan labarin da suka tsara su uku, shi da Rowling da John Tiffany wanda ya ba da umarni. A Amurka da Kanada an sayar da fiye da kwafi miliyan 2 cikin kwana biyu. Fassarar Faransanci, L'Enfant maudit, ta fito a Oktoba na wannan shekarar, ita ce ta iso hannunmu daga baya, kwafi guda da ya zagaya aji har bangonsa ya ɓalle.

Abin da ya biyo baya shi ne ya ja hankalina. Masoyan suka rabu gida biyu, kuma in ka duba da kyau, rabuwar ta fi bin wanda ya kalla da wanda ya karanta. Wasan ya ci kyautar Olivier guda 9 a Landan a 2017, abin da wani wasa bai taɓa yi ba kafinsa, ya ci Tony guda 6 a Amurka a 2018. Masu fitowa daga gidan wasa suna ta yabo. Masu rufe littafi kuma da yawansu suna cewa ya yi kama da irin labaran da masoya ke ƙirƙira da kansu su zuba a intanet, suna cewa ba za su karɓe shi cikin kanon ba. Kalmar nan kanon daga coci aka aro ta, inda take nufin jerin littattafan da aka yarda suna cikin Baibul. Dubi nauyin kalmar da mutane suka ɗauko don yin gardama a kan yaro mai tabarau. Rowling ta fito ta ce a ɗauke shi cikin asalin labari. Masoya suka ce sun ji, ba su yarda ba. Wannan ma abin kallo ne: masu karatu sun tsige marubuciya daga kujerar alƙalancin duniyar da ita ta gina.

Hujjar da suka fi kawowa ita ce ta agogon yashi mai mayar da lokaci baya. A littafi na uku ƙa'idarsa a tsare take: juyi ɗaya awa ɗaya, kuma ba ka sauya komai, abin da ka je ka yi dama ya riga ya faru. A na biyar kuma an farfasa duk waɗanda ke ma'aikatar. Sai ga na takwas da wani sabon agogo da ke kai Albus ɗan Harry da abokinsa Scorpius baya har 1994 don su ceci Cedric, su dawo su tarar duniya ta birkice, har da wadda Voldemort ya yi nasara a cikinta. Abokina ɗan shari'a yana son wannan hujja ƙwarai, don tana kama da karya doka.

Ni ban yarda ita ce ta ɓata musu rai ba. Tsofaffin littattafan ma cike suke da ramuka. Tagwayen nan Fred da George sun riƙe taswirar da ke nuna sunan kowa a makaranta shekara da shekaru, ba su taɓa lura cewa wani mutum da aka ce ya mutu yana kwana a gadon ƙanensu cikin siffar ɓera ba. A littafi na huɗu an ɓata shekara guda cur ana dabarar yadda Harry zai taɓa kofi guda, alhali malamin da ke dabarar yana ganinsa kullum a aji. Mun san da waɗannan, mun yi dariya, mun wuce. To me ya sa muka yafe can, muka kasa yafewa nan?

Amsar da mutane ke bayarwa ita ce hannun Rowling ne babu. Thorne ya rubuta, shi ya sa murya ta sauya. A nan ne mu da muka karanta da Faransanci muke da abin faɗa wanda ɗan Ingila ba shi da shi. Mu ba mu taɓa karanta jimlar Rowling ko guda ba. Jimlolin Jean-François Ménard muka karanta. Shi ya ƙera mana Poudlard, ya haɗa kalmar zaɓi da ta hula ya fitar da Choixpeau, ya kira mu Moldus, ya mayar da malamin nan mai baƙar riga Rogue. Kuma shi ɗin dai ne ya fassara na takwas. Wato a wurinmu baki ɗaya ne ya faɗi duka takwas ɗin, kalmomi ɗaya, kunne ɗaya. In a ajin ilimin harshe ne sai mu ce an riƙe abu guda bai motsa ba don a ga tasirin sauran. Duk da haka, da na buɗe shafin farko na ji abin da ɗan Landan ya ji: gidan ne, kayan ɗakin ne, amma akwai wanda ba ya nan.

Wanda ba ya nan shi ne mai ba da labari. A littattafai bakwai, in ka cire ƴan babuka kaɗan na buɗewa, muryar da ke ba mu labari tana zaune ne a cikin kan Harry. Ba ta cewa "ni", tana cewa "shi", amma abin da ya gani kaɗai muke gani, wanda ya tsana muna tsana, in cikinsa ya ɗuri ruwa namu ma ya ɗura. Gérard Genette ya ba wannan suna tun 1972, abin da zan kira da Hausa hange daga ciki. Shi ya sa muka yi shekara bakwai muna zargin Rogue tare da Harry, muka kunyata tare da shi. Rubutun wasa ba shi da wannan murya. Suna ne, sai magana, sai ɗan layin umarni da ke gaya wa ɗan wasa ya yi shiru ko ya juya. A kan dandamali, jikin ɗan wasa da muryarsa da fitila da kiɗa su ke cike gurbin. A takarda gurbin na nan a buɗe. Karo na farko ke nan da muka ga Harry daga waje, kamar yadda maƙwabta ke ganin mutum.

Ku ɗauki wurin da ya fi ƙona wa masoya rai. Daren da Albus zai koma makaranta, Harry ya kawo masa tsohon bargon da aka naɗe shi a ciki yana jariri, abu guda da ya rage masa daga uwarsa. Yaron ya raina kyautar, magana ta yi zafi, ya ce da ma ba Harry ne ubansa ba, Harry kuma ya mayar masa da irinta. Nan aka yi ca: Harry ɗinmu, maraya, ba zai taɓa faɗa wa ɗansa haka ba.

Wane Harry? Wanda a littafi na biyar ya isa wurin abokansa ya buɗe musu wuta da ihu ba su yi masa komai ba? Wanda ya farfasa kayan ofishin Dumbledore bayan mutuwar Sirius? Wanda a na bakwai ya dubi Lupin, malaminsa, aminin ubansa, ya kira shi matsoraci? Mutumin nan tun yana yaro bakinsa kan riga hankalinsa in ransa ya ɓaci. Bambancin kawai, a can kafin maganar ta fito an ba mu shafi goma muna jin yadda abin ke tafasa a ƙirjinsa, sai ta fito mu ce madalla, ai ya yi haƙuri ma. A nan ta faɗo mana tsirara, layi ɗaya a ƙarƙashin sunansa, kuma muna tsaye a gefen yaron da aka faɗa wa. Ni wannan wurin ne na fi yarda da shi a duk littafin. Mutumin da ya tashi a ƙarƙashin matakala a gidan da ba a son shi, bai taɓa ganin yadda uba ke zama da ɗa ba, ina zai koyo? Da yawanmu mun san uban da bai iya cewa ina son ka ba sai ya miƙo maka wani tsohon abu nasa, kai kuma a lokacin ba ka gane ba.

Akwai shaida ta biyu. Hatta waɗanda suka yi wurgi da littafin, yawancinsu sun ce Scorpius ya burge su, ɗan Malfoy mai yawan karatu da rawar baki. Alƙalami ɗaya ne ya rubuta shi da Harry. Sai dai shi ba mu taɓa zama a cikin kansa ba, ba mu da tsohuwar murya da za mu auna shi da ita, don haka muka karɓe shi yadda ya zo.

Kada a ce na wanke littafin tas. Abokina yana da gaskiya a wurare biyu, kuma babu mai ba da labarin da zai gyara su. A ce Voldemort, wanda ya yayyanka ransa don kada ya mutu, yana da ɗiya a ɓoye, wannan dabarar fim ɗin da ya rasa mugu ce. Mai neman dawwama me zai yi da magaji? Na Cedric ya fi muni. Amfaninsa a littafi na huɗu shi ne yaron kirki ne da aka kashe a banza, don kawai yana tsaye a wurin. A zo a ce da an kunyata shi sau ɗaya a gaban jama'a da ya koma cikin makasa, an koma baya an ɓata mutuwar da ta sa mu kuka.

Rigimar Hermione kuwa daban take, kuma ta riga littafin fitowa. Tun Disamba 2015 da aka sanar cewa Noma Dumezweni, baƙar fata haifaffiyar Suwazilan, ita za ta fito a matsayinta, wasu suka ta da ƙura da sunan kanon. Littattafan gashinta mai yawa da manyan haƙoranta suka dama da su. Fuskar da mutane ke karewa ta Emma Watson ce ta fim. Har aka tono wata jimla a littafi na uku inda fuskarta ta yi fari lokacin da take cikin firgici. A harsunan Turawa haka ake faɗin tsoro. Mu da za mu fassara sai mu ce idonta ya raina fata, kuma ba wanda zai kai mu asibitin ido. Matar ta ci Olivier da wannan rawar.

Laifin da nake gani babba na masu talla ne. An ɗauki takardar aikin ƴan wasa aka yi mata bango irin na littafin labari, aka rubuta sunan Rowling da manyan baƙaƙe, aka kira shi na takwas. Wanda ke da kuɗin tikiti a Landan ko Niyok ya samu abin cikakke. Sauranmu, daga Yamai har ƙauyukan Ingila kanta, an sayar mana da rabi, kuma mu ne muka fi yawa nesa ba kusa ba. Kamar a ba ka baitocin waƙar makaɗi a rubuce, ba kalangu ba amshi, a ce ka yi rawa.

A hutun da ya wuce na ce bari in gwada. A fadarmu na raba wa mutum biyu wurin bargon, na ba abokina Harry da gangan. Da Faransanci suka fara, ana ta dariya. Sai na ce su maimaita da Hausa, kowa ya faɗa yadda ta zo masa. Mai yin Albus ya kasa. Ya ce shi bakinsa ba zai iya gaya wa baba haka da Hausa ba, ko a wasa, sai da ya sunkuyar da kai ya faɗa ƙasa-ƙasa. Abokina kuma da ya zo kan layinsa, maimakon tsawar da nake jira, a hankali ya faɗe shi, kamar mai magana da kansa, sannan ya yi shiru ya daɗe yana juya kofin shayi. Ba a rubuta wannan shirun da tsawonsa haka a takarda ba.

Da muka tashi na tambaye shi ko yanzu takwas ne. Ya ce bakwai ne, har gobe. Littafin dai yana wurinsa tun ranar, ya tafi da shi Tawa, kuma kashi na biyu nake so in sake dubawa kafin jarrabawa.